Tartsatsin beta: Ilimin da injin nukiliya na Zariya ya dogara a kansa

A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai wani ƙaramin injin nukiliya mai suna NIRR-1, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2004. Ba ya samar da wutar lantarki, kuma ƙarfinsa bai wuce kilowat 30 da ’yan kai ba. Babban aikinsa shi ne fayyace abin da ke ƙunshe a cikin ɗan ƙanƙanen samfurin ƙasa, ko dutse, ko hatsi, ko magani. Wannan aiki ya ginu ne a kan wani reshe na kimiyyar nukiliya da ya haura shekara 100, wato awon ƙarfin tartsatsin beta. Da shi masana suka gano yadda cibiyar ƙwayar zarra ke rikiɗa, da matakan ƙarfin da ke cikinta, har ma suka gano wata ƙwayar halitta da ba a san da ita ba.

Mene ne tartsatsin beta?

Kowane abu a duniya, daga ruwan rijiya har zuwa zinare, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiyarta, wadda ta ƙunshi firoton da niyutiron, sannan elektron na kewaye da ita. Yawan firoton shi ke raba wani sinadari da wani: kabon na da 6, kobalt na da 27, zinare na da 79, zaiba na da 80.

Mafi yawan cibiyoyin da ke kewaye da ɗan Adam a natse suke, ba sa canzawa. Wasu kuwa niyutiron ya yi musu yawa, don haka ba su da kwanciyar hankali. A irin wannan cibiya, niyutiron ɗaya kan juye ya zama firoton, a daidai lokacin kuma a haifi elektron wanda ke fita a guje da gudun da kan kusanci na haske. Wannan elektron shi ne tartsatsin beta. Tun da firoton ya ƙaru da ɗaya, sinadarin ya tashi daga abin da yake ya zama wani daban: kabon-14 ya zama naitirojin, kobalt-60 ya zama nikel. Akwai kuma wani nau’in rikiɗar inda firoton ke komawa niyutiron, a fitar da kishiyar elektron mai suna fositiron.

Tartsatsin nukiliya iri uku ne suka fi shahara. Alfa mai nauyi ne, takarda ɗaya na tare shi. Beta na ratsa takarda, amma faifan alminiyam mai kaurin ’yan milimita na tsayar da shi. Gama kuwa haske ne mai tsananin ƙarfi, sai dalma mai kauri ko bangon kankare ke rage shi.

Ba a iya sanin ranar da wata cibiya guda za ta rikiɗa. Abin da aka sani shi ne lokacin da rabin tarin cibiyoyi ke ɗauka kafin su rikiɗa, wanda ake kira wa’adin rabi. Na aidin-131 kwana 8 ne, na kobalt-60 shekara 5 da ’yan watanni, na siziyam-137 kimanin shekara 30, na kabon-14 shekara 5,730.

Lissafin da ya ƙi daidaita

A shekarar 1896 ne Henri Becquerel, wani masani ɗan Faransa, ya gano cewa gishirin yuraniyam na fitar da wani tururi da ke baƙanta faifan hoto ko da an naɗe shi a baƙar takarda. A 1899 Ernest Rutherford ya rarrabe tururin gida biyu, ya sa musu sunan haruffan Girkanci, alfa da beta. Shekara guda bayan haka Becquerel ya nuna cewa beta ba komai ba ne illa elektron.

Masana sun ɗauka cewa kowane elektron da ya fito daga sinadari guda zai fito da ƙarfi iri ɗaya, kamar yadda alfa ke yi. Hujjarsu mai sauƙi ce. Cibiyar uwa tana da ƙarfi sananne, cibiyar ’ya ma haka, don haka bambancin da ke tsakaninsu ya kamata ya tafi tare da elektron. Amma a 1914, James Chadwick, yana aiki a Berlin, ya auna ya tarar da akasin haka. Wasu elektron na fitowa da ɗan ƙarfi kaɗan, mafi yawa da matsakaici, ’yan ƙalilan ne kawai ke kusantar iyakar sama.

Duk ɗan kasuwa ya san irin wannan damuwa. Kaya sun fita daga kanti a farashi guda, amma kullum da yamma kuɗin da ke cikin akwati ba ya kai abin da littafi ya nuna, kuma gibin yau daban da na jiya. An fara zargin ma’auni, aka ce wataƙila elektron na zubar da ƙarfinsa a hanya kafin ya isa na’ura. A 1927, Charles Ellis da William Wooster a Cambridge suka rufe sinadarin bismut-210 a cikin wani akwati mai auna zafi, ta yadda duk abin da elektron ya zubar zai bayyana a matsayin ɗumi. Zafin da suka samu ya yi daidai da matsakaicin ƙarfin elektron, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar sama. Lise Meitner da abokin aikinta suka maimaita gwajin a 1930, suka samu sakamako iri ɗaya. Gibin na gaske ne.

Lamarin ya kai ga Niels Bohr, ɗaya daga cikin manyan masanan zamanin, ya fara tunanin cewa dokar da ta ce ƙarfi ba ya ɓacewa ba ta aiki a cikin cibiya. Wolfgang Pauli ya zaɓi wata mafita. A wasiƙar da ya aika wa taron masana a Tübingen ta Jamus ranar 4 ga Disamba, 1930, ya kawo shawarar cewa akwai wata ƙwaya ta uku, marar cajin lantarki, marar nauyin a zo a gani, wadda ke fita tare da elektron tana ɗauke da ragowar ƙarfin. Enrico Fermi na Italiya ya yaɗa sunan niyutirino a kanta, kuma tsakanin 1933 da 1934 ya tsara lissafin da ya bayyana siffar jerin ƙarfin beta. Sai a 1956 Clyde Cowan da Frederick Reines suka kama alamar wannan ƙwaya a gefen wani injin nukiliya a Savannah River ta Amurka, shekara 26 bayan wasiƙar Pauli.

Yadda ake awon

Dabarar farko, wadda har yau ake koyar da ita, ta dogara ne a kan maganaɗisu. Elektron na ɗauke da cajin lantarki, don haka idan ya shiga filin maganaɗisu hanyarsa kan lanƙwashe ta zama da’ira. Mai sanyin gudu na yin ƙaramar da’ira, mai zafin gudu na yin babba, kamar yadda motar da ta taho a guje ke buƙatar faɗin hanya kafin ta sha kwana.

Ana ɗora sinadarin a kan wani siririn faifai a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, domin iska na rage wa elektron ƙarfi. A ɗaya gefen akwai ’yar ƙofa, a bayanta kuma na’urar ƙirge. A kowane ƙarfin maganaɗisu, elektron masu gudu iri guda ne kaɗai da’irarsu ke kai su ƙofar. Mai bincike na ƙara wutar maganaɗisun kaɗan-kaɗan, a kowane mataki yana rubuta adadin da aka ƙirga. Idan ya zana sakamakon, sai ya samu tudu: ya taso daga ƙasa, ya kai ƙololuwa, ya gangara har ya ƙare a wani wuri takamaimai. Wannan wurin ƙarewa shi ne abin nema, domin a nan ne elektron ya kwashe kusan dukkan ƙarfin, niyutirino ya fita hannu rabbana. Da shi ake sanin ainihin tazarar da ke tsakanin cibiyar uwa da matakin da ’ya ta sauka.

Matsalar ita ce a ƙarshen gangaren elektron ba su da yawa, kuma da wuya a ga inda tudun ya tsaya. A 1936 Franz Kurie da abokan aikinsa suka fito da hanyar sake zana alƙaluman bisa lissafin Fermi, ta yadda tudun ke miƙewa ya zama layi. Inda layin ya taɓa ƙasa, nan ne iyaka. A 1946 kuma Kai Siegbahn da Nils Svartholm a Suwidin suka ƙera maganaɗisu mai tattara elektron ta fuska biyu, abin da ya ƙara wa awon kaifi ƙwarai. A yau ana amfani da na’urorin silikon da wasu ruwaye masu walƙiya idan elektron ya ratsa su. Ma’aunin da ake amfani da shi kuwa shi ne kilo-elektron-bolt, wanda ake taƙaitawa da keV.

Hawa-hawan da ke cikin cibiya

Cibiyar ƙwayar zarra ba ta ɗaukar ƙarfi yadda ta ga dama. Tana da matakai ƙayyadaddu, kamar benen da mutum zai iya tsayawa a hawa na ɗaya ko na biyu amma ba a tsakaninsu ba. Sau da yawa bayan rikiɗar beta, cibiyar ’ya ba ta dira a ƙasa kai tsaye. Takan sauka a wani hawa na sama, daga nan ta gangaro tana fitar da gama. Idan aka haɗa awon beta da na gama, sai a zana taswirar benen gaba ɗaya.

Kobalt-60 misali ne mai kyau. Iyakar betansa keV 318 ce. Bayan kowace rikiɗa, nikel-60 da aka haifa na fitar da gama biyu a jere, ɗaya keV 1,173, ɗaya keV 1,332. Jimillar ukun ta kama keV 2,823, wanda ya yi daidai da bambancin nauyin cibiyoyin biyu idan aka mayar da shi ƙarfi. Daga nan aka san cewa nikel-60 na da mataki a keV 1,332 da wani a keV 2,505.

Siziyam-137 kuwa hanya biyu gare shi. A kusan kashi 95 cikin 100 na rikiɗarsa, betan na ƙarewa a keV 514, bariyam da aka haifa ya tsaya a matakin keV 662 na kimanin minti biyu da rabi kafin ya sauka. A ragowar kashi 5, betan na kaiwa keV 1,176, cibiyar ta dira ƙasa kai tsaye. Idan aka tara 514 da 662, abin da ake samu ke nan, 1,176. Wani lokaci ma cibiyar kan miƙa ƙarfin ga ɗaya daga cikin elektron da ke kewaye da ita maimakon ta fitar da gama, sai a ga wani siririn tsini a keV 624 a bisa jerin. Da wannan tsini masu bincike ke daidaita ma’auninsu.

Siffar tudun da tsawon wa’adin rabi na ba da wani labarin kuma. Kowane mataki na da nasa yanayin juyi. Idan juyin uwa ya yi nisa da na ’ya, rikiɗar kan yi wuya, ta ɗauki dogon lokaci. Abin da ya hana kobalt-60 dira a ƙasan nikel kai tsaye ke nan, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa fotasiyam-40 ke da wa’adin rabi na shekara biliyan 1.25.

Da kobalt-60 ɗin ne Chien-Shiung Wu, masaniya ’yar asalin ƙasar Sin, ta yi gwajin da ya girgiza kimiyya a ƙarshen 1956 zuwa farkon 1957. Ta sanyaya sinadarin matuƙa, ta jera cibiyoyinsa da maganaɗisu, ta tarar elektron sun fi fita ta gefe guda. Wannan ya nuna cewa a rikiɗar beta halitta na bambanta dama da hagu. Har yanzu ba a rufe babin ba: a Karlsruhe ta Jamus, gwajin KATRIN ya auna ƙarshen jerin betan tiritiyam, wanda ke kusa da keV 18.6, don gano nauyin niyutirino. A 2025 masu gwajin suka sanar cewa nauyin bai kai elektron-bolt 0.45 ba.

Abin da ake yi a Zariya

Injin NIRR-1 ƙirar ƙasar Sin ne, kuma an samar da shi da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA. Da farko yana aiki ne da kimanin kilo ɗaya na yuraniyam da aka tace zuwa kashi 90 cikin 100, irin wanda ake fargabar ya faɗa hannun masu neman haɗa makami. A 2018 aka sauya masa mai zuwa wanda aka tace kashi 13 kacal, aka mayar da tsohon man ƙasar Sin a watan Disamba na shekarar.

Ga yadda ake binciken samfuri. Ana niƙa shi, a auna ɗan kaɗan, a rufe a ’yar robar da iska ke turawa ta cikin bututu zuwa gefen zuciyar injin. A can niyutiron na yi masa ruwa. Wasu cibiyoyin samfurin na haɗiye niyutiron ɗaya, su zama marasa natsuwa, su fara rikiɗar beta. Bayan an fito da shi, sai a ajiye shi gaban na’urar jamaniyam da ake sanyayawa da ruwan naitirojin, wadda ke karanta gaman da ke biyo bayan rikiɗar beta.

A ɗauki zinare, wanda ake haƙowa a yankunan Anka da Maru da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Zinare-197 idan ya haɗiye niyutiron yakan zama zinare-198, mai wa’adin rabi na kwana 2.7. Yana fitar da beta mai iyaka keV 961, ya rikiɗa ya zama zaiba-198, wadda ke sauka daga matakinta da gama mai keV 412. Duk samfurin da ya nuna tsini a 412, kuma tsinin ya ragu da rabi cikin kwana 2.7, akwai zinare a cikinsa, tsayin tsinin kuma na faɗin yawansa. Haka asanik ke bayyana a keV 559, manganis a 847, sodiyam a 1,369, alminiyam a 1,779. Gama ake ƙirgawa a Zariya, amma jadawalin da ake dubawa don fassara shi an gina shi ne da shekaru masu yawa na awon beta da gama tare.

Hanyar na da iyakarta. Dalma ba ta cika haɗiye niyutiron ba, don haka ba a dogara da wannan dabara wajen nemanta. Lokacin da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta hallaka yara sama da 400, masu aikin tsabtace ƙasa sun yi amfani ne da na’urorin hannu masu harba hasken eksire, waɗanda ke karanta matakan elektron na wajen cibiya. Amma ga zaibar da masu haƙar zinare ke amfani da ita wajen kama ƙurar zinare, da asanik da kan biyo ma’adinai, hanyar niyutiron na da kaifi sosai.

A gona, a asibiti, a gidan tarihi

Rikiɗar beta ba ta taƙaita ga ɗakin bincike ba. Kashi 0.012 cikin 100 na duk fotasiyam da ke duniya fotasiyam-40 ne, kuma kusan kashi 89 na rikiɗarsa ta hanyar beta ce. Yana cikin ƙasar gonakin Karakkai da Tsafe da Bungudu kamar yadda yake a kowace ƙasa, yana cikin manyan duwatsu irin na Kwatarkwashi, da buhun takin NPK, da tokar murhu, da wake da ayaba. A jikin mutum mai nauyin kilo 70, kimanin cibiyoyi 4,000 na fotasiyam-40 ke rikiɗa a kowace daƙiƙa. Da haka aka halicci ɗan Adam, kuma wannan adadi ba abin tsoro ba ne. Yuraniyam-238 da ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar tun 1971 shi ma yana bi ta rikiɗar beta sau shida a doguwar tafiyarsa kafin ya ƙare a matsayin dalma.

A asibiti, aidin-131 na maganin wasu cututtukan ƙullin maƙogwaro. Ƙullin na tsotse aidin daga jini, betan mai iyaka keV 606 kuma ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu a cikin nama, don haka yana ƙone inda ake so ba tare da ya kai sauran jiki ba. Kobalt-60 kuwa gamansa ake amfani da shi wajen gashin cutar daji, kamar injin da aka yi shekaru ana aiki da shi a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika. Tun da ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da ’yan watanni, dole a riƙa tsawaita lokacin gashi, daga bisani a sauya shi.

A fagen tarihi, kabon-14 ne ma’auni. Bishiya na shaƙarsa muddin tana raye, idan aka sare ta sai ya fara raguwa. Da wannan aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a yankin da ke cikin Jihar Yobe a yau. Awon ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, abin da ya sa ya zama kwalekwale mafi tsufa da aka gano a Afirka.

Gargaɗi ga masu harkar ƙarafa

Sinadaran da ke warkarwa su ne ke kisa idan suka fita daga kulawa. A watan Satumbar 1987, a birnin Goiânia na Brazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka kwance wani injin gashin daji a asibitin da aka ƙaurace wa, suka sayar wa dillalin gwangwan. Aka fasa kwanson siziyam-137, garin da ke ciki yana sheƙi shuɗi a cikin duhu, mutane suka riƙa raba shi ga ’yan uwa. Mutum 4 suka mutu, kimanin 250 suka gurɓata, aka duba sama da mutum 100,000.

Ana amfani da irin waɗannan kwansuna a Najeriya wajen aikin rijiyoyin mai, da duba waldar bututu, da awon ƙasa a aikin hanya. Ido ba ya ganin tururinsu, hanci ba ya jin warinsa. Abin lura ga dillalan gwangwan da ’yan jari-bola shi ne ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, wanda ke ɗauke da alamar fikafikai uku kamar na fanka, galibi a kan launin rawaya. Ba a buɗe shi, ba a saka shi a aljihu, ba a kai shi gida. Nisa da gajarta lokaci su ne kariya ta farko.

Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin wannan fanni ita ce Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta kuma fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin shigo da irin waɗannan sinadarai, da ajiye su, da jigilarsu, da zubar da su, kuma ita ake sanarwa idan an tsinci wanda ba a san mai shi ba.